MOTA DA HANYA: Zafin kat-kat, tsakanin fanka da ruwan rijiya

Daga tsakiyar watan Maris har faɗuwar ruwan farko, matafiyin da ya bi babbar hanya daga Yamai zuwa Damagaram ba zai rasa ganin abu guda ba: mota a gefen kwalta, murfin inji a ɗage, direba na tsaye nesa kaɗan yana jiran tururi ya lafa, aparanti kuwa ya nufi rijiyar ƙauye da bido a hannu. A wannan lokaci zafin rana a Dogondutsi, Ƙonni, Tawa da Maraɗi yakan haura digiri 40 a inuwa, iskar da ke tashi daga kwalta kuma ta fi haka. Abin lura shi ne, cikin motocin da ke tsayawa haka har da kat-kat, wadda aka saya da tsada domin ta shiga inda sauran motoci ba sa shiga. Ita ke ɗaukar ma'aikacin gwamnati zuwa rangadi, ita ke fito da mace mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin jaha, kuma da ita ɗan kasuwa ke cin kasuwannin Dakwaro, Abalak da Tanut. Ranar da ta tsaya, duk abin da ke cikinta ya tsaya tare da ita.

In aka ja ta zuwa garaji, a mafi yawan lokaci hukunci a yanke yake tun kafin a ji ƙara. A cire kalorsta, wato ƴar ƙofar nan da ke tsare ruwa cikin inji, a jefar. A ɗaure fanka da ƙusa ko a jona ta kai tsaye da batir. A cika ruwa, a karɓi kuɗi, a ce Alhaji ya sauka lafiya. Bayan mako biyu allura ta sake hawa. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin ba a yi wa direba tambayar da ta fi kowane makulli amfani ba: yaushe ne motar take zafi?

Dalilin tambayar yana cikin yadda inji ke sanyaya kansa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ya ƙona ruwa ne ke kwashe shi. Famfo yana tura ruwan ya zagaya cikin inji, ya fito da zafi, ya gangara ta siraran bututun radiyata, iska ta ratsa tsakaninsu ta ɗauke zafin, sa'an nan ruwan ya koma. Tafiya biyu ke nan, ta ruwa da ta iska, kuma kowace da lokacin da take nuna gazawarta. Motar da ke gudun kilomita 80 ko 90 a kan kwalta ba ta cika bukatar fanka ba, iskar gudu ta wadatar da ita. Motar da ke tsaye a shingen jandarma, ko tana jan jiki cikin cunkoson kasuwa, ko tana fama da rairayi a ƙaramar giya, ba ta da wata iska sai wadda fanka ta jawo. Saboda haka, in allura na hawa a tsaye ko a tafiyar hawainiya, amma da zarar an hau kwalta an ba ta wuta ta sauko, laifin na wajen iska ne, a nemi fanka da abin da ke kewaye da ita. In kuwa a cikin gari lafiya lau take, sai an yi doguwar tafiya da gudu ko an hau tudu da kaya take tafasa, fanka ba ta da laifi, ruwa ne ba ya tafiya yadda ya kamata, ko radiyata ta kasa. Akwai hali na uku, na motar da ke shan ruwa kullum ba a ga inda yake zuba ba. Wannan za a zo gare shi, domin shi ne mai tsada.

Fankar kat-kat iri biyu ce. Manyan motocin daji, irin Toyota Land Cruiser samfurin 70 da aka fara ƙerawa a 1984, da injinta mai silinda 6 da ake kira 1HZ wanda ya fito a 1990, da yawancin Hilux masu shan gazuwal, fankarsu inji ne ke juya ta da bel, wanda a garajojin Yamai ake ce ma kuruwa. Sai dai ba a manne take da inji ba. Tsakaninsu akwai wata cibiya ta gorar ruwa mai zara-zara, wadda makanikai ke kira bisko, cikinta da wani mai mai kauri kamar zuma, a goshinta kuma da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke motsi in ya ji zafi. In iskar da ke fitowa daga radiyata ba ta da zafi, cibiyar tana sakin fanka ta juya a hankali. In iskar ta yi zafi, ƙarfen ya murɗa, man ya shiga tsakanin faranti, fanka ta kama da ƙarfi har a ji ta tana huci. Direban da ya san motarsa ya san wannan huci: yakan ji shi da sassafe na ɗan lokaci bayan tayar da inji, kana ya lafa, kuma yakan ji shi da rana tsaka in ana hawan tudu.

Mugun halin wannan cibiya shi ne ba ta mutuwa a fili. Man yana tsiyaya sannu a hankali cikin shekaru, fanka tana ci gaba da juyawa, mai mota ya ɗaga murfi ya gan ta tana yawo ya ce ai fanka lafiyarta lau. Juyawa take, amma ba ta jan iska. Gwajin ba ya bukatar na'ura. A bar inji ya yi zafi sosai, a kashe shi, a zare makulli a sa aljihu, sa'an nan a tura reshen fanka da yatsa. Mai lafiya tana turjewa, da ƙyar za ta matsa ta tsaya. Wadda ta mutu za ta yi ta zagayawa kamar ƙafar keke. A duba goshin cibiyar kuma: in an ga baƙin maiƙo da ƙura ta manne a kai, daga nan man ya fita. A kama reshe a girgiza gaba da baya, in akwai lilo, ko cibiyar ko famfon ruwan da take bisa kansa ya gaji. Wasu makanikai kan tura naɗaɗɗiyar jarida cikin fanka inji na tafiya domin su ga ko za ta tsaya. Gwajin yana nuna gaskiya, amma yatsun da ya ci sun isa a bar shi.

Irin cibiyar da ake kwancewa da sukurori ana iya buɗe ta a zuba mata sabon mai, kuma kamfanin Toyota da kansa yana sayar da man cikin ƴan ƙananan mazubai. Man inji ko giris ba sa maye gurbinsa. Abin da aka fi yi, shi ne a huda cibiyar a ɗaure ta da ƙusa, fanka ta koma juyawa daidai da inji dare da rana. A tsakiyar daji, inda babu wata dabara, wannan yakan fitar da mutum, ba kuwa za a zargi wanda ya yi shi don ya kai gida ba. Amma barin mota haka wata da watanni hasara ce da ba a lissafawa: gazuwal yana ƙaruwa, ƙara ta dami kowa, famfon ruwa yana ɗaukar nauyin da ba a yi shi dominsa ba, kuma reshen roba da ya tsufa yana iya tsinkewa a babban gudu ya faɗa cikin radiyata. Haka ma wurin ƙetare ruwa da damina, a Gulbin Maraɗi ko a koramar Telwa ta Agadas: fankar da ke da cibiya mai rai takan saki in ta taɓa ruwa, wadda aka ɗaure kuwa sai ta tuƙa ruwan kamar farfelar jirgi, rassanta su lanƙwasa gaba su yanke bututun radiyata.

Bel ɗin ma a taɓa shi. In aka danna shi da babban yatsa a tsakiya bai kamata ya lotsa fiye da santimita 1 ba. In yana ƙyalli ko ya tsattsage, santsi yake yi, kuma a waɗannan injuna shi ne ke juya famfon ruwa tare da fanka. Inda bel biyu ne jere, tare ake sauya su.

Iri na biyu ita ce fankar lantarki. Ita ke cikin ƙananan kat-kat na gari irin RAV4, wadda ta fito a 1994, ita ce kuma ake ƙarawa gaban manyan motoci domin kilim. Baburan nan masu ƙafa 4 da ake hawa cikin rairayi da gonaki su ma da ita suka dogara, ga radiyatarsu ƙarama, ga ta kusa da ƙasa inda laka ke samun ta. Wannan fanka ba ta tashi sai ruwa ya kai wajen digiri 90 zuwa 100, gwargwadon mota, don haka ganin ta a tsaye da safe ba ciwo ba ne. In allura ta wuce tsakiya ba ta tashi ba, sai a bi wutar daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada. A fara da fizibil. In ya ƙone a sa wani mai lamba ɗaya da shi. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ko kuwa motar fankar ta cije. Masu naɗa wayar tagulla ko takardar kwalin sigari a gurbin fizibil suna sayen gobara ne da kuɗinsu. Daga nan sai rele, ɗan akwatin nan da ke yin ƙas in ya kama. A motoci da yawa na fanka da na oda iri ɗaya ne, sai a musanya su a gani. In har yanzu shiru, a cire soket ɗin fanka a kawo mata wuta da waya 2 kai tsaye daga batir. Ta juya da ƙarfi, lafiyarta lau, laifin yana baya. Ta yi shiru, ko sai an ƙwanƙwasa ta take tashi, gawayinta ya cinye.

Saura ɗan ma'aunin da ke nutse cikin ruwa, wanda ke ba fanka umurnin tashi. A motoci da yawa na da, in aka cire soket ɗinsa aka haɗa bakin wayoyin 2, fanka takan tashi. A tsofaffin Toyota da dama abin a juye yake: cire soket ɗin kawai ya isa ta tashi, domin an yi shi ne yadda in waya ta tsinke fanka za ta yi ta aiki maimakon ta mutu. Wanda bai san wannan bambanci ba yakan jefar da ma'auni mai lafiya. A sababbin motoci kwamfutar inji ce ke ba da umurnin, kuma na'urar da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari tana faɗin zafin ruwa da lamba, har tana iya tayar da fankar don gwaji. Kada a manta da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota; tsatsa a wannan wuri kaɗai takan sa fanka ta yi juyin ragwanci. Akwai kuma kuskuren da ake samu bayan an sauya fanka da ta kasuwa: a juya wayoyi, fanka ta riƙa tura iska gaba maimakon ta ja ta baya. A tsaye ba a gane komai, a kan hanya kuwa iskarta da ta gudu suna karo. Ƴar takarda da aka riƙe gaban radiyata tana raba gardama: in ta manne, daidai ne.

Fanka ko ta fi kowace lafiya, ba ta da amfani in iska ba ta da hanya. Kwandon roban da ke kewaye da ita, wanda aparanti kan cire ya jingine bayan garaji don yana hana hannu shiga, shi ne ke tilasta wa iska ta bi ta cikin radiyata. In babu shi, fanka tana jan iskar gefe ne kawai tana dama ta. Bayan damina, motar da ta ratsa ciyawa takan kwaso ƙarangiya, tsabar ciyawa, fara da malam-buɗe-littafi, su taru tsakanin radiyatar kilim da ta inji, inda ido ba ya gani sai an raba su. A haska tocila daga baya: in haske bai fito gaba ba, iska ma ba ta fita. Ana wankewa ne daga wajen inji zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota mai feshi yana kwantar da siraran zara-zaran kamar yadda iska ke kwantar da gero. Sai kuma adon da ake jibga wa gaban mota, manyan fitilu, faranti mai suna, wani lokaci har da bido a ɗaure. Kowane ɗaya yana cin rabon radiyata.

Motar da ke zafi a guje kuwa, labarinta yakan koma ga rijiya. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da farar ƙasa, irin wadda ke taruwa a gindin butar shayi, kuma abin da ya faru da buta shi ke faruwa da bututun radiyata, waɗanda ba su kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba. A wuraren da ƙasa ke da kanwa da gishiri, kamar Dallol Boso, ƙasar Manga da Kawar, ruwan har cin ƙarfe yake, musamman gorar ruwa. Mota mai ɗan yoyo da ake ƙara wa lita guda kowace safiya, a shekara ta sha ɗaruruwan litoci, ruwan ya tafi, ƙasar ta zauna. In aka kashe inji da zafinsa aka shafa fuskar radiyata a hankali, wurin da ya toshe yakan yi sanyi alhali gefensa na ƙuna. Ma'aunin zafin nan mai kama da ƴar bindiga, da ake nunawa daga nesa, yana yin wannan aiki ba tare da an ƙone hannu ba, kuma bai fi ƙarfin kowane garaji ba. Tsohuwar radiyatar tagulla masu walda suna buɗe ta su zure bututun ɗaya bayan ɗaya su mayar. Ta zamani, mai jikin gorar ruwa da kan roba, in ta toshe ko wuyanta ya tsage, sauyawa ce maganinta. Gam yakan riƙe ne zuwa bakin gari.

Ruwan sanyaya inji na kanti, kore ko ja, mutane da yawa sun ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne. Gaskiya ne rabi da rabi da ruwa yana hana daskarewa har digiri 37 ƙasa da sifiri, abin da ba ya damun mutumin Madawa. Amma cikinsa akwai maganin tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa da ƴan digiri. Ba a zuba mai kaurin tsantsa, domin tsantsarsa bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba, ba a kuma gauraya iri biyu. In babu tataccen ruwa, ruwan sama da aka tara cikin mazubi mai tsabta aka tace ya fi na rijiya nesa ba kusa ba. Ƙwai, garin barkono da garin taba da ake zubawa don toshe yoyo suna toshe shi, su toshe lafiyayyun bututu tare da shi.

Murfin radiyata shi ne abin da ya fi kome araha cikin wannan sha'ani, shi aka fi rainawa kuma. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100. Murfin yana riƙe shi cikin matsi, lambar tana rubuce a kansa, 0,9 ko 1,1, kuma da wannan matsi ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Tazarar digiri 20 ɗin nan ita ce ke raba motar da ta hau tudu lafiya da wadda ta yi amai. In robar murfin ta tsage ko ƙarfensa ya saki, mota za ta riƙa zubar da ruwa alhali kome nata lafiya. Tsumma da leda da ake cusawa a bakin radiyata ba sa riƙe matsi ko kaɗan. Tiyon ƙasa in ya yi laushi yakan shaƙe kansa in inji ya ɗau gudu, famfo kuma rassansa na ciki kan cinye da tsatsa har ya koma juyawa ba ya tura kome.

Batun kalorsta yana bukatar a tsaya a kansa, domin imani da cire shi ya yi ƙarfi ƙwarai, har wanda ya sayi mota daga tashar jirgin ruwa yakan fara da shi kafin ya yi mata takardu. Hujjar ita ce wai na Turai ne, ƙasar zafi ba ta bukatarsa. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa cikin inji har ya kai zafin aiki, tsakanin digiri 76 da 88 gwargwadon inji, kana ya buɗe. A injuna da yawa yana da faranti na biyu a gindinsa, wanda in ya buɗe hanyar radiyata yake rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji kai tsaye. In aka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye bai taɓa ganin radiyata ba. Garin neman gira an rasa ido ke nan: da rana cikin rairayi motar ta fi da zafi, da asubahin watan Janairu kuma, a Agadas ko Bilma inda sanyi ke sauka kusa da sifiri, inji ya yi ta tafiya da sanyi, yana hayaƙi, yana cin mai, yana cin kansa. Kalorsta yana lalacewa, ba a musu, yakan cije a rufe mota ta tafasa cikin ƴan mintoci alhali radiyata na da sanyi. Gwajinsa tukunya ce da ruwan zafi: a jefa shi, in ya buɗe kafin ruwa ya tafasa, mai rai ne. In bai buɗe ba a sayi wani mai lambar da ke jikinsa.

Hali na uku shi ne na juwan kilas, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. In ta ƙone, ko kan ya tsage, hayaƙin inji yana shiga cikin ruwa. Alamunsa: kumfa na tasowa a bakin radiyata ba ƙaƙƙautawa tun inji na da sanyi, tiyon sama ya yi tauri kamar taya jim kaɗan bayan tayarwa, farin hayaƙi a salansa, ko man inji ya koma kalar shayi da madara. Injin 1KZ na Prado da wasu Hilux, mai kan gorar ruwa, ya yi suna wajen tsagewar kai in ya sha zafi. A nan ba fanka ba murfi, sai an buɗe inji. Kuma duk wanda ya sauya juwan bai gano abin da ya fara kawo zafin ba, zai sake sayen wani. Tun faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin kayan gyara na waje ya ninka, kasuwa ta saba da kaya iri biyu da uku a kwali mai kama ɗaya. A kan juwan kilas, kalorsta da murfi, araha ba ta ado.

A ma'aikatu akwai wani ciwon da ba na ƙarfe ba. Takardar neman kuɗin murfi ko bel takan yi watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur, domin ƙaramin abu ne ba mai gaggawa ba. Ranar da inji ya ƙone kuwa, sai a sami hanyar sa hannu kan kuɗin da ya ninka wancan sau ɗari, ko a jingine motar bisa duwatsu a bayan ofis har tayoyinta su ruɓe. Direba kuma yakan ga allura na hawa ya yi shiru, don maigida na sauri zuwa taro, kuma ba a son direba mai yawan ƙorafi. Shugaban da ke zaune a gaba yana iya duban allurar nan da idonsa. Ya sani kuma cewa a motoci da yawa an yi ta ne ta zauna a tsakiya cikin faɗin digiri masu yawa, don haka in ta fara motsawa sama, zafin ya riga ya yi nisa.

In abin ya faru a hanya, a kashe kilim nan da nan. Motar da ke da na'urar ɗumama ciki a buɗe ta har ƙarshe tare da tagogi, domin ƙaramar radiyata ce ta biyu. A sauka gefe, a juya hancin mota ya fuskanci iska, a ɗaga murfi. In ba a ga ruwa na zuba ba kuma bel na nan, a bar inji yana tafiya a hankali har allura ta sauko, domin kashe shi nan take yana tsayar da famfo alhali ƙarfe na cike da zafi. In kuwa tururi na fita, ko bel ya tsinke, a kashe ba jinkiri. Ba a buɗe murfin radiyata sai tiyon sama ya huce ya yi laushi a hannu. Ruwan da ke ciki ya haura digiri 100, da zarar an saki matsi zai yi tsalle zuwa fuska. Ba a kuma kwarara ruwan sanyi cikin inji mai ƙuna, sai ya huce, a zuba kaɗan-kaɗan yana tafiya. Allurar da ta kai ja sa'an nan ta faɗo da kanta ba tare da dalili ba, ba albishir ba ce: sau da yawa ruwan ne ya ƙare, ma'aunin ya rasa abin da zai auna.

Cikin rairayi akwai abin da mutanen Agadas suka sani, baƙo bai sani ba. Iskar arewa maso gabas tana bayan mai dawowa daga Dirku ko Bilma. In mota na tafiyar kilomita 20 iska kuma na bin ta da kilomita 20, gaban radiyata babu iska ko kaɗan, ga inji na aiki iya ƙarfinsa. Shi ya sa ake rage iskar taya domin mota ta hau bisa rairayi maimakon ta yi ta haƙa, ake tafiya da asuba da maraice, ake tsayawa lokaci-lokaci a juya hanci ga iska. A can, lalacewar mota ba maganar kuɗi ba ce. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92, mafi yawansu mata da yara, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Injin Land Cruiser yana ɗaukar ruwa fiye da lita 10, kuma in ya zubar da shi a Tenere, daga guzurin fasinja za a cika shi. Don haka ruwan mota dabam ake ɗaukarsa, tare da bel, tiyon sama da na ƙasa, murfi, fizibil da ƴar waya. Bidon da aka taɓa zuba ruwan kanti a ciki a yi masa alama da fenti, a raba shi da na sha: ruwan nan yana da zaƙi a baki, guba ne kuma mai kashe ƙoda, ga mutum da ga dabba.